Albaniyawa: Al'ummar da harshe ya haɗa, iyakokin 1913 suka raba

Duk ɗalibin ilimin hadisi a ƙasar Hausa ya san sunan Albani. An haifi Sheikh Muhammad Nasiruddin al-Albani, wanda ake kafa hujja da hukuncinsa a kan inganci ko raunin hadisai, a shekarar 1914 a garin Shkodra da ke arewacin Albaniya, kafin mahaifinsa ya kwashe iyalinsa zuwa Dimashƙa. Laƙabin da marigayi Sheikh Muhammad Auwal Adam na Zariya ya shahara da shi, asalinsa ke nan: nasaba ce zuwa ga wata ƙaramar ƙasa a kudu maso gabashin Turai. Haka ma sunan Arna'uɗ da ake gani a bangon littattafan da Shu'aibu al-Arna'uɗ da Abdulƙadir al-Arna'uɗ suka yi wa tahƙiƙi. Da wannan suna Turkawa suka saba kiran Albaniyawa.

Al'ummar da ta haifi waɗannan malamai ita ce kuma ta haifi Mother Teresa, 'yar ɗariƙar Katolika da aka haifa a birnin Skopje a 1910. Daga cikinta Muhammad Ali Pasha ya fito, wanda ya karɓi mulkin Masar a 1805 ya kuma tura dakarunsa suka ci Sudan daga 1820. Daga cikinta Enver Hoxha ya fito, shugaban kwaminisanci da ya haramta sallah da zuwa coci baki ɗaya. A yankin Balkan, inda addini ne ya bambanta Sabiyawa da Kuroshiyawa da Musulmin Bosniya duk da cewa suna fahimtar maganar juna, Albaniyawa sun bi wata hanya dabam. Suna da Musulmi 'yan Sunna da mabiya ɗariƙar Bektashi da Katolika da Otodoks, amma harshe ɗaya suka ɗauka a matsayin shaidar zamansu al'umma. Matsalar da ta bi su fiye da shekara ɗari ita ce ƙasar da ake magana da wannan harshe ta fi ƙasar da ake kira Albaniya faɗi.

Ina ne ƙasar Albaniyawa?

Jamhuriyar Albaniya tana da faɗin murabba'in kilomita 28,748, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan fili tsaunuka ne da tuddai. Ta yamma tana fuskantar tekun Adriyatik da na Iyoniya, kuma a mashigin Otranto tazarar da ke tsakaninta da Italiya ba ta wuce kilomita 72 ba. Babban birninta Tirana. Ƙidayar jama'a ta 2023 ta nuna tana da mutum kimanin miliyan 2.4.

Daga gabas maso arewa akwai Kosobo, mai mutum kusan miliyan 1.6, waɗanda fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu Albaniyawa ne. A Makidoniya ta Arewa, ƙidayar 2021 ta nuna su ne kusan kashi 24 cikin ɗari na mazauna ƙasar, akasarinsu a Tetovo da Gostivar da wasu unguwannin Skopje. Akwai su a Ulcinj da Tuzi cikin Montenegro, da kwarin Presevo a kudancin Sabiya. A kudancin Italiya da tsibirin Sisili akwai ƙauyukan Arbereshawa, jikokin waɗanda suka tsere wa Turkawa tun ƙarni na 15, waɗanda har yau wasunsu ke magana da tsohon karin harshen. A Girka ma akwai Arbanitawa, waɗanda kakanninsu suka sauka can tun tsakiyar zamanai, sai dai su yanzu Girkawa suke ɗaukar kansu.

Su kansu ba sa kiran kansu Albaniyawa. Mutum ɗaya Shqiptar ne, ƙasar kuma Shqiperia. Jama'a na danganta sunan da kalmar mikiya, tsuntsun da ke jikin tutarsu, amma masana harshe da dama sun fi karkata ga cewa ya fito ne daga wata kalma mai nufin yin magana yadda za a fahimta. In haka ne, Shqiptar shi ne wanda ake jin maganarsa. Tsohon sunan da suka yi amfani da shi kafin ƙarni na 18 shi ne Arber, kuma daga tushensa sunayen da maƙwabta ke kiran su suka fito.

Asali, da dalilin da ya sa ake jayayya a kansa

Harshen Albaniyanci reshe ne mai zaman kansa a cikin dangin harsunan Indiya da Turai. Ba shi da ɗan'uwa na kusa da ya rage a raye. Yana da manyan kare-kare biyu: Geg a arewa, wanda ya haɗa da Kosobo, da Tosk a kudu, kuma kogin Shkumbin ne ke tsakaninsu. Ya ari kalmomi masu yawa daga Latin tun zamanin Rumawa, daga baya kuma daga Girkanci da harsunan Silabawa da Turkanci.

Ra'ayin da ake koyarwa a makarantun Albaniya da Kosobo shi ne cewa Albaniyawa jikokin Iliriyawa ne, ƙabilun da suka zauna a yammacin Balkan kafin Rumawa su murƙushe sarkinsu na ƙarshe, Gentius, a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu wannan ra'ayi na kafa hujja da masanin taswira Batlamus, wanda a ƙarni na 2 ya ambaci wata ƙabila mai suna Albanoi da garinsu Albanopolis a tsakiyar Albaniyar yau. Wasu masanan kuma suna ganin harshen ya fi kusa da na Tirasiyawa ko Dasiyawa da suka zauna can gabas, suna nuni da tsofaffin kalmomin da Albaniyanci da Romaniyanci suka yi tarayya a kansu. Abin da ya hana a yanke hukunci shi ne Iliriyawa ba su bar rubutu da harshensu ba, in ban da sunayen mutane da na wurare. Bayan Batlamus kuma tarihi ya yi shiru na ɗaruruwan shekaru, sai a ƙarni na 11 marubucin Daular Rumawan Gabas, Michael Attaleiates, ya ambaci Albaniyawa a cikin labarin wata tawaye.

Da a wani wuri ne, da wannan muhawara ta tsaya a ɗakunan karatu. A Balkan ta zama makamin siyasa. In Albaniyawa jikokin Iliriyawa ne, sun riga Silabawa zama a Kosobo, domin su Silabawa a ƙarni na 6 da na 7 suka iso yankin. Masu kishin Sabiya kuwa suna cewa Albaniyawa baƙi ne da suka gangaro daga tsaunuka a zamanin Turkawa. Abin da mafi yawan masana na waje suka yarda da shi ya fi wannan sauƙi: Albaniyanci ya samo asali ne daga ɗaya daga cikin tsofaffin harsunan Balkan, kuma masu magana da shi suna yankin tun kafin zuwan Silabawa. Wane kwari ne takamaimai suka zauna a ƙarni na 7, wannan hujjojin da ake da su ba su isa su nuna ba, kuma ko sun nuna, ba su ne za su tantance wa ke da haƙƙin zama a wani ƙauye a yau ba.

Skanderbeg da ƙarnoni biyar na Usmaniyawa

Masarauta ta farko da aka sani ta Albaniyawa ita ce Arbanon, wadda aka kafa wajen 1190 da cibiya a Kruja. Ba ta daɗe ba. Rumawan Gabas da sarakunan Anjou na Italiya da 'yan kasuwar Benis da Sarki Stefan Dusan na Sabiya duk sun yi ta karɓe-karɓen yankin, har zuwa lokacin da Daular Usmaniyya ta iso a ƙarshen ƙarni na 14.

A nan ne tarihin Gjergj Kastrioti ya shigo. Ɗan wani basarake ne da aka kai fadar Sarkin Musulmi a matsayin garkuwa. Can ya musulunta, ya yi fice a aikin soja, aka ba shi sunan Iskandar Bey, wanda ya rikiɗe ya zama Skanderbeg. A 1443, ana tsakiyar yaƙi kusa da garin Nish, ya janye da mutanensa, ya koma Kruja ya karɓe ganuwar, ya koma addinin Kirista, ya ɗaga jar tuta mai baƙar mikiya mai kai biyu. A watan Maris na 1444 ya tara sarakunan yankin a Lezha suka ƙulla ƙawance. Shekara 25 ya yi yana fafatawa da daula mafi ƙarfi a zamanin. Sultan Murad na Biyu ya yi wa Kruja ƙawanya a 1450 bai ci ta ba. Ɗansa Muhammad al-Fatih, wanda ya ci Kustantiniyya, ya gwada a 1466 da 1467 shi ma ya koma. Zazzaɓi ne ya kashe Skanderbeg a Lezha a watan Janairun 1468. Kruja ta faɗi a 1478, Shkodra kuma a 1479.

Abin lura shi ne mutumin da Paparoma ya yi wa laƙabi da gwarzon Almasihu shi ne gwarzon al'ummar da mafi yawanta Musulmi ne a yau. Gunkinsa a kan doki yana tsaye a tsakiyar Tirana da Pristina da Skopje. Masu fafutukar ƙarni na 19 ne suka zaɓe shi, suka rage ambaton addininsa, suka ɗaukaka haɗa kan da ya yi.

Musuluntar Albaniyawa ba dare ɗaya aka yi ta ba. Ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 17 da na 18, kuma dalilanta sun cakuɗa: wa'azin malamai da shehunan ɗariƙu, guje wa jizya da ta yi nauyi a lokutan yaƙi, raunin coci a ƙauyuka, da kuma ƙofar muƙami da Musulunci ke buɗewa a daular. Albaniyawa sun shiga wannan ƙofa sosai. Manyan wazirai da dama daga cikinsu suka fito, ciki har da gidan Koprulu da ya riƙe ragamar daular tun daga 1656. Ali Pasha na Tepelena ya mulki kudancin Albaniya da arewacin Girka tamkar sarki mai cin gashin kansa har aka kashe shi a 1822. Zuriyar Muhammad Ali ta mulki Masar har zuwa 1953. Wanda ya kira zamanin Usmaniyawa ƙarnoni biyar na bauta zalla, kamar yadda littattafan kwaminisanci suka riƙa yi, ya bar rabin labarin.

A tsaunukan arewa kuwa ikon Istanbul bai taɓa kafuwa sosai ba. Ƙabilu sun ci gaba da bin dokar gargajiya da ake kira Kanun, wadda aka fi jingina wa Leke Dukagjini, kuma wani limamin Katolika, Shtjefen Gjecovi, ya tattara ta aka buga a 1933. Ita ta tsara aure da gado da kiwo da ramuwar jini, inda kisan mutum ɗaya kan tsare mazan gida guda a cikin ɗaki shekara da shekaru. Ita ce kuma ta ɗaukaka besa, wato alkawarin da ba a karyawa da amanar baƙon da ya shigo gida.

Yaƙin haruffa

Daular Usmaniyya tana kasa talakawanta ne bisa addini. Musulmin Albaniya Baturke ne a idon hukuma, Turkanci da Larabci zai karanta. Ɗan Otodoks Bagirke ne, makarantar Girkanci zai je. Ɗan Katolika yana ƙarƙashin kulawar Ostiriya ko Italiya. Babu gurbin Albaniyanci, duk da cewa an fara rubuta shi tun 1462, lokacin da babban limamin Durres, Pal Engjelli, ya rubuta jimlar baftisma da shi, kuma Gjon Buzuku ya buga littafin addu'o'i a 1555.

Abin da ya farkar da su shi ne yaƙin Rasha da Turkiyya na 1877 zuwa 1878. Da Usmaniyawa suka sha kaye, aka fara rabon filayen da Albaniyawa ke zaune ga Sabiya da Montenegro da Bulgeriya da Girka. Ranar 10 ga Yunin 1878 shugabanninsu suka taru a Prizren, cikin Kosobon yau, suka kafa ƙungiyar kare ƙasarsu. Da farko Istanbul ta ɗaure musu gindi. Da suka fara neman a haɗe lardunan Shkodra da Kosobo da Manastir da Yanina a ba su cin gashin kai, sai ta tura sojoji ta murƙushe su a 1881. Taron Berlin na manyan ƙasashe bai saurari ƙorafinsu ba.

Daga nan gwagwarmayar ta koma ta alli da allo. 'Yan'uwa uku na gidan Frasheri suka yi fice: Abdyl ɗan siyasa, Naim mawaƙi, da Sami, wanda Turkawa suka sani da Shamsuddin Sami, mawallafin shahararren ƙamusun Turkanci. An buɗe makarantar Albaniyanci ta farko a Korca ranar 7 ga Maris 1887. Cocin Otodoks na Girka ya yi barazanar korar masu koyar da harshen, kuma a 1905 'yan bindigar Girka suka kashe limamin coci Kristo Negovani saboda yana wa'azi da shi. A watan Nuwamban 1908 wakilai Musulmi da Kirista suka taru a Manastir, wato Bitola ta Makidoniya a yau, domin daidaita rubutu, kuma daga wannan taro haruffan Latin 36 da ake amfani da su yanzu suka samo tushe. Gwamnatin Matasan Turkawa da wasu malaman addini sun dage a kan haruffan Larabci. Masu taron sun ga cewa haruffan Larabci za su kori Kirista, na Girkanci kuma za su kori Musulmi, don haka suka tsaya a kan waɗanda kowa zai iya ɗauka.

Landan, 1913

A watan Oktoban 1912 Sabiya da Montenegro da Girka da Bulgeriya suka far wa Daular Usmaniyya. Cikin makonni dakarunsu suka mamaye kusan duk inda Albaniyawa suke. Ranar 28 ga Nuwamba, Ismail Qemali, tsohon jami'in daular, ya ayyana 'yancin kan Albaniya a garin Vlora. Gwamnatinsa ba ta da iko da abin da ya wuce garin da kewayensa.

Jakadun ƙasashe shida ne suka yanke makomar sabuwar ƙasar a Landan, ƙarƙashin jagorancin sakataren harkokin wajen Birtaniya, Edward Grey: Birtaniya da Faransa da Jamus da Rasha da Italiya da Ostiriya-Hangari. Ostiriya da Italiya suna son a kafa Albaniya domin a hana Sabiya isa bakin teku. Rasha tana son a saka wa ƙawarta Sabiya. Abin da aka cimma ciniki ne na kauce wa yaƙi tsakanin manya. Aka amince da Albaniya, amma aka ba Sabiya Kosobo da yammacin Makidoniya, aka ba Montenegro wasu garuruwa, aka ba Girka yankin Chameriya. Ƙiyasin masana ya bambanta, amma tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabin Albaniyawa ne suka wayi gari a wajen ƙasar da ke ɗauke da sunansu. A ɗaya ɓangaren kuma an bar tsirarun Girkawa a cikin kudancin Albaniya. Rahoton kwamitin bincike na Gidauniyar Carnegie da aka buga a 1914 ya tattara shaidun ƙone ƙauyukan Albaniyawa da kisan fararen hula a lokacin yaƙin.

Sabiyawa ma suna da abin faɗa, kuma ba ƙage ba ne. A Kosobo cibiyar cocinsu ta Pec take, da tsofaffin gidajen ibada na Decani da Gracanica. A can aka yi yaƙin 1389 da Usmaniyawa, wanda ya zama ginshiƙin labarin da suke ba 'ya'yansu game da kansu. Sai dai a 1912 mafi yawan mazauna Kosobo Albaniyawa ne, kuma ba a tambaye su ba.

Manyan ƙasashen suka naɗa wa Albaniya wani basaraken Jamus, Wilhelm na Wied, wanda ya iso a Maris 1914 ya tafi a Satumba. Ƙasar ta tsira daga wani sabon rabo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya a 1920, shekarar da aka mai da Tirana babban birni. Ahmet Zogu ya zama shugaban ƙasa a 1925, ya naɗa kansa Sarki Zog a 1928, ya dogara da bashin Italiya har Mussolini ya mamaye ƙasar ranar 7 ga Afrilun 1939. Sau ɗaya tak aka taɓa haɗa Albaniya da mafi yawan Kosobo da yammacin Makidoniya a ƙarƙashin tuta ɗaya, wato daga 1941 zuwa 1944, kuma 'yan mamayar Italiya da Jamus ne suka yi haɗin. Wannan tarihi yana daga cikin abin da ke sa maƙwabta zabura duk lokacin da aka ambaci Babbar Albaniya. A ƙarshen yaƙin an kori Musulmin Chameriya daga Girka bisa zargin haɗa kai da 'yan mamaya. A cikin Albaniya kuwa, iyalai Musulmi da Kirista sun ɓoye Yahudawa bisa al'adar besa, har adadin Yahudawan ƙasar a ƙarshen yaƙin ya fi na farkonsa.

Rufaffiyar ƙasa

Enver Hoxha, wanda ake furta sunansa Hoja, ya karɓi mulki a 1944 ya riƙe shi har mutuwarsa a Afrilun 1985. Ya ɓata da Yugoslabiya a 1948, da Tarayyar Sobiyet a 1961, da Chaina a 1978, har ƙasar ta rasa aboki. Gwamnatinsa ta yaƙi jahilci, ta kai lantarki ƙauyuka, ta danne ramuwar jini. Ta kuma cika gidajen yari da sansanonin aikin dole irin na Spac, ta hukunta iyalai gaba ɗaya saboda laifin mutum ɗaya, ta harbe masu ƙoƙarin ƙetare iyaka. Ta gina ramukan fakewa na kankare fiye da 170,000 domin yaƙin da bai zo ba. A 1967 ta rufe masallatai da coci-coci da zawiyoyi fiye da 2,000, kuma kundin tsarin mulkin 1976 ya tabbatar da cewa ƙasar ba ta yarda da kowane addini ba. Tasirin wannan bai gushe ba. A ƙidayar 2023 kusan kashi 46 cikin ɗari ne suka ce su Musulmi 'yan Sunna ne, kusan kashi 5 Bektashi, kimanin kashi 8 Katolika, kashi 7 Otodoks, sauran kuma ko ba su da addini ko ba su jingina kansu ga kowane ba ko sun ƙi amsawa.

Wani abu guda ya ƙetare shingen. A 1972 aka yi taron daidaita harshe a Tirana, aka gina daidaitaccen Albaniyanci a kan karin Tosk, wanda shi ne na Hoxha da mafi yawan manyan jam'iyyarsa. Masanan Kosobo, waɗanda Geg suke yi a gida, sun karɓe shi da gangan domin kada Yugoslabiya ta ce su wata al'umma ce dabam.

Kwaminisanci ya rushe tsakanin 1990 da 1992. A watan Agustan 1991 wani jirgin dakon kaya mai suna Vlora ya isa tashar Bari ta Italiya ɗauke da mutum kusan 20,000. A 1997 kamfanonin zuba kuɗi na yaudara, masu biyan tsofaffin masu zubi da kuɗin sababbi, suka durƙushe da ajiyar jama'a ta fiye da dala biliyan ɗaya. Mutane suka fasa rumbunan makamai na soja, kimanin 2,000 suka mutu. Wani kaso na waɗannan bindigogi ya tsallaka tsaunuka zuwa Kosobo.

Kosobo da Makidoniya

Bayan shekarun takura, Yugoslabiyar Tito ta sassauta wa Albaniyawanta. An buɗe jami'ar Pristina a 1970, kuma kundin 1974 ya ba Kosobo cin gashin kai mai faɗi. Slobodan Milosevic ya soke shi a 1989. Aka kori dubban Albaniyawa daga aiki, aka rufe musu makarantu. Ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Rugova suka zaɓi turjiya ba tare da makami ba, suka buɗe makarantu a gidaje da shaguna, 'yan ci-ranin da ke Jamus da Suwizalan suna biyan malamai. Da yarjejeniyar Dayton ta 1995 ta kawo ƙarshen yaƙin Bosniya ba tare da ta tanadi komai ga Kosobo ba, matasa da yawa suka yanke cewa duniya ba ta sauraron mai haƙuri. Rundunar 'Yantar da Kosobo ta samu magoya baya, musamman bayan kisan Adem Jashari da iyalansa a Prekaz a Maris 1998.

Bayan kisan Racak a Janairun 1999 da rushewar tattaunawa, ƙungiyar NATO ta yi kwana 78 tana ruwan bama-bamai a Yugoslabiya, daga 24 ga Maris, ba tare da izinin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba. A cikin waɗannan makonni dakarun Sabiya suka kori Albaniyawa fiye da 800,000 zuwa maƙwabta, aka kashe dubbai. Da suka dawo, ramuwar gayya ta faɗa kan Sabiyawa da Romawa 'yan yawo, dubban su suka gudu. Kosobo ta ayyana 'yancin kai ranar 17 ga Fabrairun 2008, kuma a 2010 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa ayyanawar ba ta saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ba. Ƙasashe fiye da 100 sun amince da ita, amma ban da Sabiya da Rasha da Chaina, da ƙasashe biyar na Tarayyar Turai: Sifaniya da Girka da Romaniya da Sulobakiya da Saifurus. Hashim Thaci, tsohon jagoran siyasa na rundunar, ya sauka daga shugabancin ƙasa a 2020 domin fuskantar tuhumar laifukan yaƙi a Hague.

A Makidoniya rikicin 2001 bai kai haka ba. Yarjejeniyar Ohrid ta watan Agustan shekarar ta ba Albaniyawa kaso a aikin gwamnati da 'yan sanda, dokar 2019 ta faɗaɗa amfani da harshensu a hukumance, kuma a Janairun 2024 Talat Xhaferi ya zama Ba'albane na farko da ya riƙe muƙamin firaminista, na riƙon ƙwarya.

Batun haɗewa bai mutu ba, sai dai ya fi fitowa a filin ƙwallo. A Oktoban 2014 aka dakatar da wasan Sabiya da Albaniya a Belgrade bayan wani ƙaramin jirgi marar matuƙi ya shigo da tutar Babbar Albaniya. A gasar cin kofin duniya ta 2018 Granit Xhaka da Xherdan Shaqiri, 'yan asalin Kosobo masu buga wa Suwizalan, suka harɗe hannuwa da siffar mikiya bayan sun ci Sabiya, FIFA ta ci su tara. A hukumance kuwa kundin tsarin mulkin Kosobo ya haramta mata haɗewa da kowace ƙasa, sharaɗin da ƙasashen Yamma suka gindaya kafin su amince da ita. Gwamnatocin Tirana da Pristina kan ce a cikin Tarayyar Turai iyakar za ta daina zama abin damuwa. Albaniya ta shiga NATO a 2009, ta zama 'yar takarar shiga Tarayyar a 2014, aka buɗe tattaunawa a 2022. Babban abin da ake tuhumarta da shi shi ne cin hanci, kuma ofishin masu gabatar da ƙara na musamman da aka kafa ya tuhumi tsohon firaminista Sali Berisha, ya kama tsohon shugaban ƙasa Ilir Meta a 2024 da magajin garin Tirana Erion Veliaj a 2025.

Barazanar da ta fi kusa yanzu ba daga maƙwabta take ba. A 1989 Albaniya tana da mutum kusan miliyan 3.2, a 2023 kuma miliyan 2.4. Matasa sun watse zuwa Italiya da Girka da Jamus da Birtaniya da Amurka, ƙauyukan tsaunuka sun zama na tsofaffi. A 2022 kaɗai Albaniyawa fiye da 12,000 suka tsallaka zuwa Ingila a ƙananan kwale-kwale. A zaɓen watan Mayun 2025, wanda ya ba Edi Rama wa'adi na huɗu a matsayin firaminista, aka ba mazauna ƙetare damar jefa ƙuri'a ta gidan waya a karon farko.